Sifok Marar Gwiwa

A garinmu Roma, can cikin duwatsun kudu, in ka wuce ƙofar jami'a ka gangara inda mata ke gasa masara, za ka ga wata rumfar kwano da ƙafafun keke rataye a jikinta kamar faifai. Ta Ntate Nkuebe ce, wato Baba Nkuebe a harshenmu. In ka gaishe shi ba zai amsa ba sai ya duba hannunka tukuna. In ka ce masa yau garin da sanyi, sai ya gyara bargonsa ya ce, "Wa ya aiko ka ka faɗa mini?" Duk da haka, wanda ƙafar kekensa ta karkace wurinsa yake kaiwa, don hannun mutumin yana da kyau ko da bakinsa ba shi da daɗi.

Matarsa Mme Mamoipone, wato Inna Mamoipone, ta ce ba da wannan halin ta aure shi ba. A cewarta saurayi ne mai yawan dariya, har uwarta ta taɓa tambaya ko yana da cikakken hankali. Ramin zinariya na Welkom ne ya mayar da shi haka. Ya tafi da ƙuruciyarsa kamar yadda mazanmu suka riƙa tafiya, aikinsa kuwa shi ne ya shiga gaba da sandar ƙarfe yana ƙwanƙwasa rufin rami yana saurare kafin sauran su shigo. Dutsen da ya tsage yana zubo ƙura, wannan an san da zamansa, sai a tokare shi a wuce. Amma ranar da rami ya rufta ya kashe abokinsa Lefa, rufin sumul yake, babu tsaga ko ɗaya. Kowa ya ce lafiya lau, shi ma Nkuebe ya ƙwanƙwasa ya ce lafiya lau. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tun daga ranar, abin da ba a ga aibinsa ba shi ya fi ba shi tsoro.

Da aka sallame su ya dawo gida da tari da wani tsohon keke. A kan keken nan ya koyi saƙa ƙafa, har ya zama sana'a. Kunnen da ya saurari dutse shi ya koma sauraron ƙarfe. Sai ya kafa ƙafar a gabansa, ya riƙa taɓa sifok, wato siraran wayoyin ƙafar, ɗaya bayan ɗaya da farce kamar mai kaɗa gurmi, wanda ya ji muryarsa ta yi ƙasa ya ƙara masa ɗauri.

Sifok ɗin da kowa ya sani yana da 'yar gwiwa a kansa, wadda ake saƙalawa a hudar hob, wato cibiyar ƙafar. Kuma kowa ya san a gwiwar nan yake karyewa. Wannan bai taɓa damun Nkuebe ba, shi ma ya sa yake son sa. "Na san inda zai ci amanata," yakan ce. "In ya karye kuma, ko a ƙauyen da babu gishiri zan samu wani a jikin keken wani tsoho."

Mutum ɗaya yake faɗa da bakinsa cewa ya yarda da shi a duniya, 'yarsa Moipone. "Uwarta ma sai na shinshina kwanon kafin in ci," in ji shi, Mme Mamoipone kuwa ta ce wata rana zai shinshina ya tarar babu komai a ciki. Moipone ta tashi a cikin ƙafafun keke, ta kuma ɗauko dariyar da uban ya baro a Welkom. Ba ta da ɓoye-ɓoye, abin da ta ji da safe makwabta sun ji kafin hantsi. Uban ya yi ta fama da ita shekara da shekaru, duba kafin ki hau, duba kafin ki karɓa, kada ki yarda da kowa, ita kuwa sai ta ce, "To, Ntate," ta haye keke ta bi hanyar dawakai ta ɓace cikin duwatsu. A hawan tudu babu macen da ke ganin ƙurarta a duk kwarin nan, sai ko Nthati, wadda suke ƙungiyar tseren keke ɗaya.

A shekarar da nake ba da labari, ƙungiyar ta samu gurbin mace ɗaya da za ta tafi Stellenbosch, ta yi shekara tana horo da tsere, ga abinci ga masauki. Aka ce tseren Roma zuwa Semonkong ne zai raba gardama, wadda ta riga isa tsakanin su biyun ita za ta tafi. Moipone ta san abin da ke jiranta in ta rasa. Wata 'yar uwarta ta riga ta yi mata maganar aiki a masana'antar ɗinki a Maseru, babban birninmu, uwar kuma ta ce wasan keken nan ya isa in dai bana bai kai ta ko'ina ba.

Ana cikin haka Tlali ya zo rumfa da ƙafafu biyu a kafaɗa. Tlali shi ne makanikin ƙungiya, mutum mai sanyin magana, kuma wan Nthati ne uwa ɗaya uba ɗaya, yaran ƙungiya suna ce masa Abuti, wato yaya. Moipone na biye da shi tana tsalle kamar an ba ta doki.

"Ntate, kyauta aka aiko wa ƙungiya," in ji Tlali. "Mun ce Moipone za ta hau su."

Nkuebe ya karɓi ta baya ya juya ta. Ba ta da nauyi, ba ta girgiza ko kaɗan. Sai ya kai ido wajen hob, ya tsaya cak. Sifok ɗin miƙaƙƙu ne tun daga kai har ƙafa, kowane ya zura ta hudarsa kai tsaye kamar allura.

"Ina gwiwar?"

"Ai ba su da ita, Ntate. Shi ne amfaninsu. Inda ake karyewa ne aka cire."

"Aka cire ko aka ɓoye?"

Tlali ya yi murmushi. "Aka cire. Sun fi riƙe ɗauri. Matsalarsu ɗaya, in kana ɗaure notin suna juyawa, sai ka kama da filaya."

"To, ga ɗaya ka faɗa da bakinka. In ya karye a bayan Ramabanta fa, a shagon wa za a saya? Wurin mai sayar da kananzir?"

"Zan nemo na ajiya."

"Za ka nemo." Nkuebe ya ajiye ƙafar a hankali. "Ka ce kyauta ce, kuma ta fi kowace kyau. Ƙanwarka fa? Ko ita ba ta son abu mai kyau?"

"Keken Nthati ƙananan ƙafafu yake ci, Ntate. Waɗannan ba za su shiga ba."

"Allah Sarki. Ba za su shiga ba."

"Haba Ntate!" in ji Moipone. "Abuti Tlali ya ɗauko su a kafaɗa tun daga tasha, ko sannu ba ka ce masa ba. Kai ko ruwan sama aka yi sai ka tambayi wanda ya aiko shi."

Da Tlali ya tafi, uban ya ce ta bar masa ƙafafun ya kwance su, ya sa tsohon hob ɗinsa ya saƙa da sifok mai gwiwa. Ta ce a'a. Ya ce to ta hau tsofaffin ƙafafunta da ya saƙa da hannunsa. Ta ce ya ɗaga su ya ji nauyi, ita za ta hau tudun da su ba shi ba. Ba ta taɓa ƙin maganarsa a kan keke ba sai ranar, abin ya yi masa zafi ƙwarai, kuma ya ɗora laifin a kan Tlali.

Ya zauna da ƙafar nan yana taɓa ta da farce, yana neman wadda muryarta ta bambanta. Duk bakinsu ɗaya. Wani zai ce madalla, shi kuwa sai ya tuna rufin Welkom. Ya yi ta saƙa da warwara har lissafinsa ya fito tsaf. Ruwa ba ya tsami banza. Ka ba yarinya ƙafar da babu sifok ɗinta a duk ƙasar nan, ka jira dutse ya yi maka aiki, in ta zo da kuka ka buɗe akwati ka ce ayya, babu. Ƙanwarka ta wuce, hannunka kuma fes.

Wata safiya ya ce wa matarsa zai je asibiti kan tarinsa, ya ɗauki fasfo ya haye gada zuwa Ladybrand. A shagon kekunan wata Baturiya ya ajiye zaren da ya auna tsawon da shi. Ta bincika ta dawo da guda huɗu, ta ce su ke nan suka rage, wasu sai an aiko daga Johannesburg, kuma ba wannan watan ba. Ya ɗaga kowane sama ya duba, ya mirgina shi a kan tebur, har matar ta tambaye shi ko aurensu zai yi. Ya dawo da su a cikin bargo, yana jin kunyar kansa, shi da ya rantse irin wannan ƙarfe ba zai kwana a rumfarsa ba.

Ana saura 'yan kwanaki tsere sai ga Tlali, fuskarsa babu walwala.

"Ntate, na je Ladybrand neman sifok ɗin nan. Matar ta ce wani dattijo mai bargo ya kwashe na ƙarshe. Na ce bari in tambaya ko kai ne."

"Dattijo mai bargo? Ɗana, ka leƙa titi ka nuna mini dattijon da ba shi da bargo."

"Ta ce da zare ya zo."

"Ni na ce maka ina sayen abin da ba shi da gwiwa?"

Tlali ya ce, "In dai ka ji wanda ke da su, don Allah ka ce ya ba ni aro. Ba na son yarinyar nan ta hau dutse babu ko ɗaya a akwatina."

Ya tafi, Nkuebe ya bi shi da ido yana gyaɗa kai. Biri ya yi kama da mutum. A akwatina, in ji shi. Wato so yake duk wanda ya rage a duniya ya dawo hannunsa, ranar tsere ya ce sun ɓata. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma wa zai gaya wa Nkuebe haka ya kwashe lafiya?

Akwai wata dabara ta tsofaffin masu doguwar tafiya a keke, wadda yaran yanzu ba su sani ba. Sandar da ke riƙe da sirdi bututu ce, cikinta fanko. Ranar da Moipone ta kawo keken ya duba mata birki, ya aike ta sayo masa masara, ya zare sandar, ya naɗe sifok huɗun a ƙyallen da ya yanko daga gefen tsohon bargonsa, ya tura su ciki ya toshe da toton kwalba. Ya mayar da sirdin daidai kan zanen da yake, ya ɗaga keken ya jijjiga. Ko ƙas bai ji ba. Da aikin bai yi kyau haka ba, da sun yi ƙara ta gane, amma Nkuebe ba ya aikin da ke ƙara. Da Mme Mamoipone ta ga gefen bargon ta tambaya, ya ce ɓera ne. Ta ce lallai ɓeran ya iya almakashi.

Ya so ya gaya wa Moipone. Sau biyu maganar ta zo masa baki tana cin masara a gabansa. Amma ya san 'yarsa. In ta ji yanzu, kafin rana ta faɗi za ta ce, "Abuti Tlali, ka ga abin da Ntate ya yi?" Keken kuma a hannun Tlali yake kwana kafin tsere. Ya ce a ransa ba sai ta sani ba. Duk mai tsere dole ya ratsa ta Ramabanta, inda ake shan ruwa da gyara, shi kuwa can za ta tarar da shi zaune da makullinsa. In ƙafar ta ci amana, sai ya zare sirdi a gaban kowa ya ga yadda fuskar Tlali za ta koma.

Ranar Asabar da sassafe aka sake su daga filin makaranta. Moipone ta ɗaga masa hannu tana dariya, ta bi cikin ayarin suka karya kwana. Tlali ya tsayar da a-kori-kurar ƙungiya a gabansa.

"Ntate, Ramabanta za mu. Ga wuri a gaba, shigo."

"Wanda ya ɗauke ka a motarsa shi ke zaɓar inda zai sauke ka. Ku je, ina da ƙafa."

"Yau Asabar ce fa, Ntate."

"Na san kwanakin mako tun ba a haife ka ba."

Ya san kwanakin mako, amma ya manta abin da Asabar take a wurinmu. Ranar jana'iza ce. Duk bas ɗin da ya taso daga Maseru cike yake maƙil da masu baƙaƙen kaya da tukwane da kujeru, direba ya ɗaga masa hannu kawai ya wuce. Ya tsaya a bakin titi rana ta hau, inuwarsa ta dawo ƙarƙashinsa. Hankalinsa ya soma tashi, har ya fara ɗaga wa motocin gida hannu, shi da bai taɓa roƙon kowa ba. Daga ƙarshe wata babbar mota mai ɗauke da buhunan garin masara ta tausaya masa, ya hau baya, ta riƙa jan ciki a kan tudu tana nishi kamar ita ma tana da tarin Welkom.

Da ya sauka a Ramabanta ana naɗe tebura. Moipone na zaune a kan dutse, wata mata ta lulluɓa mata bargo, gwiwarta ta goge. Keken na kife a gefenta. Tlali na tsugune da filaya, babban yatsansa yana jini, ƙasa duk guntayen sifok mai gwiwa.

Tlali ne ya ba shi labari, Moipone ba ta ɗago ba. Ita ce a gaba, ta ba Nthati rata mai nisa. A gangaren ƙarshe wata tsohuwar wayar shinge ta shiga ƙafar baya ta tsinke sifok uku, ƙafar ta karkace har taya na gugar ƙarfe ba ta juyawa. Ta saɓa keken ta ƙaraso da gudu, har lokacin ita ce a gaba. Tlali ya bi duk makanikan da ke wurin, babu mai irin tsawon. Nthati ta iso ta tsaya tana kuka, ta ce a ɗauki ƙafarta, alhali ta san ba za ta shiga ba, sai da Moipone ta daka mata tsawa ta wuce. Shi kuwa ya riƙa ɗaukar masu gwiwa yana miƙar da su da filaya, suna karyewa a hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Kafin biyu su zauna, an rufe lokacin wucewa.

Ka san abin da Nkuebe ya fara yi? Tsugunawa ya yi ya ɗauki guntun da ya tsinke, ya kai shi kusa da ido yana neman sawun zarto. Hali zanen dutse. Babu sawun komai, sai ƙujewar waya da tsatsarta. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Tlali ya ga abin da yake nema, ya kau da kai. Moipone ma ta gani.

"Da na samu waɗancan na Ladybrand," in ji Tlali, yana tsotsar yatsansa, "kafin ta gama shan ruwa na gama. Wallahi da yanzu tana hangen Semonkong."

Da Nkuebe ya yi shiru, da har yau babu wanda ya sani. Ya tsaya da guntayen a tafinsa, baƙin ciki ya kama shi irin wanda bai ji ba tun ranar Lefa. Sai ya birkito keken ya tsayar da shi, ya ciro makulli ya kwance sirdin. Ya zare sandar, ya cire toton, ya bubbuga ta a tafin hannu. Ƙyallen bargon ya zamo ƙasa ya warware, sifok huɗu sababbi ful suka watse a kan tsakuwa.

Tlali ya dafe kai da hannu biyu.

Moipone ta daɗe tana kallonsu. Ta miƙa hannu ta ɗauki ƙyallen, ta gane bargon.

"Tun yaushe?"

"Ranar birki."

"A kansu nake zaune tun safe? A kafaɗata na ɗauko su na gangaro da su?"

"Na ce zan riga ki zuwa. Na ji tsoron in na faɗa miki za ki faɗa wa..." Ya kasa ƙarasawa, don mutumin na tsugune a gabansa da jini a yatsa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Kullum kana gaya wa mutane ni kaɗai ka yarda da ita. Ashe ni ma ba ka yarda da ni ba, Ntate."

Nthati ce ta tafi Stellenbosch. Moipone tana Maseru tana ɗinka aljihun wando, takan zo gida ƙarshen wata ta hau dutse ranar Lahadi bayan coci. Ƙafafun nan marasa gwiwa har yau su take hawa, Nkuebe ne ya sa musu uku daga cikin huɗun, na huɗun yana rataye a ƙusa a rumfa, ba ya bari a taɓa. Tlali yakan biyo ya gaishe shi, ya amsa tun kafin ya duba hannunsa, abin da ba ya yi wa kowa a cikinmu.

Keken kuma wurinsa take kawowa, don babu wanda ya fi shi. Sai dai in ya gama ta zo ɗauka, ba ta hayewa da dariya kamar da. Takan juya ƙafa ta gaba ta saurara, ta juya ta baya, ta matsa birki. Sannan ta ciro nata makullin ta kwance sirdi, ta zare sandar ta ɗaga ta wajen haske ta leƙa ciki. Abin da ya yi shekaru yana koya mata ke nan, ga shi ta iya, shi kuwa yana tsaye hannuwansa cikin bargo ya rasa inda zai sa idonsa.

Ina wurin ranar da ya kasa daurewa ya ce, "Babu komai a ciki, 'yata."

Ta ce, "Na ji, Ntate." Ta leƙa.